Auna Zafin Albasar Kawu

Shekarar da na bar aikin rediyo na dawo gida Bodinga, ƙanena da ke aikin injiniya a Kaduna ya aiko mini da wani ɗan kwali ta hannun direba. A ciki akwai koren allo wanda bai kai tafin hannu ba, an dasa masa wani ƙarfe mai ido ɗaya kamar maɓallin riga. Ya ce mini ta waya idon yana auna zafin abu daga nesa, ba sai an taɓa ba. Allon kuwa na gwaji ne. Ana haɗa shi da kwamfuta, a buɗe manhajarsa, a daidaita idon kafin a yarda da abin da ya faɗa. Ya ce tunda yanzu ba ni da aiki sai gyara wa mutane Hausa, in je in taimaki Kawu da albasarsa.

Kawu wan mahaifiyarmu ne, yana zaune a wani ƙauye kusa da Lambara, a ƙasar Shagari. A wannan shekarar albasa ta yi masa kyau, ya cika rudu huɗu. Rudu shi ne rumbun albasa: dandamalin itace, a kewaye da zana, a rufe da ciyawa, iska na ratsawa. Albasa daga tsakiya take fara ruɓewa, kuma kafin ta ruɓe sai ta ɗauki zafi. Idan an gane da wuri, sai a farke rudun, a baza, a tsince masu ciwon. Amma farke rudu aikin yini biyu ne, kuma lafiyayyar albasa ba ta son jujjuyawa, duk wadda ta ƙuje ta tafi ke nan. Saboda haka ba a farkewa sai da dalili. Ranar Lahadi na kira Kawu na ce kada a taɓa ko ɗaya sai na zo na auna. Ya ce to.

Na isa ranar Litinin da hantsi, ana tsakiyar bazara. Gaisuwa kaɗai ta ci rabin awa, sannan fura. Da aka gama, na shimfiɗa kayana a kan tabarma a zaure, na soka wayar allon a kwamfuta, 'yar fitilarsa ta kama. Na buɗe manhajar. Ta ce ba ta ga allo ba. Na zare, na mayar. Na sauya kafa. Na kashe kwamfutar na kunna. Kawu yana zaune a kan buzunsa yana kallo, hannu a haɓa.

"Mai labarai," haka yake kirana, "mi tac ce?"

"Ba ta ce komai ba tukuna, Kawu."

"To, ƙila kunya taka ji. Baƙuwa ta."

Sai da batir ya kusa ƙarewa na kira ƙanena. Tambaya ɗaya ya yi mini: wace waya na ɗauko? Na ce wadda nake cajin tocila da ita, ai bakinsu ɗaya. Ya yi dariya har sai da na nesanta wayar daga kunnena. Irin wannan wayar wuta kawai take kaiwa, ba ta ɗaukar saƙo. Ta ainihin tana cikin kwalin, kwalin kuma yana kan teburina a Bodinga.

Talata na dawo da wayar da ta dace. Manhajar ta ga allon nan take, lambobi biyu suka fito: ɗaya zafin idon kansa, ɗaya zafin abin da yake kallo. Ta farkon ta ce digiri hamsin da biyu. Na tuna a gaban gilashin mota na ajiye shi tun daga Bodinga, rana na dukansa. Takardar bayanin da ta zo cikin kwalin ta ce sai idon ya huce ya yi daidai da iskar wurin kafin a soma komai. Muka zauna jiran ƙarfe ya huce kamar masu jinya.

A wannan zaman na karanta sauran takardar. Akwai wata lamba tsakanin sifili da ɗaya da ake sa wa manhajar, mai dogon suna na Turanci wanda ban taɓa cin karo da shi a ɗakin labarai ba. Ma'anarta dai ita ce yadda fuskar abu take sakin zafinta. Abu mai dushi-dushi, kamar ɓawon albasa ko baƙin tukunya, yana saki kusan duka, idon ya karanta daidai. Ƙarfe mai ƙyalli kuwa riƙe nasa yake yi, ya maido wa idon zafin abin da ke kewaye, kamar madubi. Hanyar daidaitawar ba ta da wuya. A zuba ruwa a baƙar tukunya, a tsoma ma'aunin zafi na gilashi a ciki, a nuna idon a jikin tukunyar daga kusa. Abin da suka bambanta sai a gaya wa manhajar. A yi da ruwan sanyi, a yi da mai zafi. Ma'aunin gilashin na aro shi wurin wani abokina malamin kimiyya.

Na shiga cikin gida na gaida Inna, matar Kawu, na roƙi in ga tukwanenta. Na zaɓi wata matsakaiciya ta dalma wadda hayaƙi ya rufe ta ruf, ko'ina baƙi ƙirin. Na ce, "Inna, wannan nake so, ita ɗin nan." Kafin in fito kwamfutar ta mutu, sai aka kai ta wurin mai cajin waya da sola a Lambara. Na ce gobe da safe in sha Allahu.

Laraba ƙarfe takwas ina zaure, idon ya huce, batir a cike. Inna ta yi sallama daga bakin ƙofa ta ajiye tukunya cike da ruwan zafi. Ban gane tukunyar ba. Ƙyalli take yi har ana ganin rufin zauren a jikinta.

"Inna, ina wadda na nuna jiya?"

"Ita ta. Tun asuba nika fama da ita da yashi da toka."

"Ai baƙin nake so."

"Baƙin?" Ta dubi Kawu, ta dube ni. "Ɗan ƙanwar maigida guda, kat taso tun daga Bodinga da kayan Turawa, in miƙo maka tukunya da baƙi awa babu mace cikin gidan ga?"

Na tambaya ko akwai wata. Babu. Ba ta tabbata wadda zan ƙara nema ba, sai ta goge su duka, har da butar shayi. Ruwan ma a kan gawayi ta dafa shi, don kada hayaƙin itace ya ɓata mata aiki.

Na ce bari in nuna musu da ido. Na tsoma ma'aunin gilashi, ya tsaya a sittin. Na nuna idon a jikin tukunyar, manhajar ta ce arba'in da uku. Na juya musu fuskar kwamfutar na yi bayani a hankali, jimla bayan jimla, yadda na saba karanta sanarwa.

Kawu ya saurara har ƙarshe. "To ai abin naka na yay yi ƙarya," in ji shi. "Tukunya ba ta yi laifin komi ba."

Inna ta ce za ta aro ta maƙwabta. Na ce don Allah ta gaya musu a kawo ta yadda take, kada a taɓa ta. Ta ce ta ji. Na jira awa guda. Tukunyar ta iso da danshin wanki, tana ƙamshin lemun tsami. Inna ta ce ta faɗa, amma maƙwabciyar ta ce ba da ita za a yi wannan abin kunyar ba, a ce tukunyarta ta fita gida da dauɗa zuwa gaban baƙo.

Na ɗauki tukunyar Inna na zagaya bayan zaure, na jera duwatsu uku, na hura kara da ɗanyar ciyawa, na ɗora ta. Na tsuguna da farar shaddata ina juya ta cikin hayaƙi, idona na hawaye. Masu wucewa zuwa fadama suna tsayawa su gaishe ni, su daɗe ba su tafi ba. Ta bayan zana ina jin Inna tana gaya wa wata, "Tun asuba, wallahi. Hannuna har yanzu zogi shika yi."

Minti ashirin tukunyar ta yi baƙi. Daidaitawar kanta ba ta kai rabin awa ba. Na sa lambar a sifili da ɗigo tara da biyar. Da ruwan randa, gilashi ya ce ashirin da takwas, idon ya ce ashirin da tara da rabi. Da ruwan zafi ma kusan haka ya ɗara. Na shigar da gyaran a gurbinsa, na danna ajiye, na zare allon na mayar don ya riƙe. Na sake aunawa sau uku, suka yi daidai.

Bayan la'asar muka nufi rudun, ina rungume da kwamfuta. Idon fuskar abu kawai yake gani, don haka a kowane rudu Kawu ya ɗaga zana ya zura hannu har kafaɗa ya zaro albasa daga ciki, ni kuma in auna nan take. Biyar-biyar muka yi. Na farko da na biyu talatin da bakwai. Na huɗu talatin da takwas. Na uku arba'in da biyar.

"Kawu, na ukun nan ne. A farke shi."

"Na ukun na," ya ce, yana share hannu a riga. "Tun Lahadi nij ji warinai."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce tun yaushe?

"Lahadi da sahe. Har na kira mutane, sai ga wayarka."

"To me ya hana ku faɗa mini?"

"Kai kac ce a jira ka. Ka zo Litinin, ka zo Talata, kana ta zuhwa bisa tabarma. In tashi in hwarke rudu gabanka, mutane su ce mi? Su ce ɗan ƙanwatai ya kawo na'ura, tsoho ya nuna mai hancinai ya hi ta?"

Na rufe kwamfutar.

Alhamis da sassafe aka yaye ciyawar. Saman lafiya lau, jajir, ɓawo a bushe. Da aka yi ƙasa kamu biyu sai warin ya taso, albasar tsakiya ta narke ta manne da juna, ruwa na ɗiga ta ƙarƙashin dandamalin. Wajen kashi ɗaya cikin uku na rudun aka kwashe da kwando aka zubar a bayan gari. Nawa ne daga ciki suka tafi tsakanin Lahadi da Alhamis, ban sani ba. Na tambayi Kawu sau biyu, ya ce Allah kaɗai ya sani, ya ci gaba da aiki.

Na naɗe hannun riga na zauna kusa da shi a bakin tarin. Ya ɗauki guda ya danna wuyanta da babban yatsa, ya miƙo mini in ji.

"In tay yi taushi nan, jehwa ta hagu. Kuma ka yi sauri, Mai labarai, rana na tahowa."