Talatar Yaya Zailani

In Yaya Zailani ya ce maka zai zo ran Talata, to ka share ɗaki tun ran Litinin. In ya ce ta Ketare zai biyo, ka sa ido a hanyar Daudawa. Duk gidanmu an san wannan, har Inna da ta haife shi ta gaji ta daina faɗa. Ni Baraka, ƙanwarsa, ni kaɗai ce ban daina ba.

Ba maƙaryaci ba ne, kada a fahimce ni a baibai. Shekara talatin da ɗoriya ya yi a tashar Kankara. Da tuƙi ya fara, da gwiwa ta hana shi taka kuloci sai ya koma kan benci. Shi ke cewa wace mota za ta je wane ƙauye ɗaukar hatsi, ta wace hanya, da ƙarfe nawa. Hanyoyin Kankara da Faskari har Sabuwa duk suna cikin kansa: kwalbatin da ta karye, rafin da ke cika in an yi ruwa kwana biyu a jere, inda yashi ke riƙe taya. Sai wata shekara ya faɗi lokacin tashin wata mota a gaban mutane, 'yan bindiga suka tare ta a hanya. Direban bai dawo ba. Tun ranar Yaya ya ɗinke bakinsa, kowa kuma ya zama infoma mai kai wa 'yan bindiga rahoto a idonsa.

Bara kafin ruwa ya sauka wata ɗalibar jami'a, Ikhlas, ta zo tashar da takardar ƙungiyar manoma. Bincike take yi, tana haɗa wata manhaja da za ta tsara yadda motoci uku za su kai taki ƙauyuka arba'in da wani abu kafin lokacin sa taki ya wuce, ba tare da an ƙona mai a banza ba. Yaya da kansa ya ba ni labarin daga baya.

"Baba, an ce ba wanda ya kai ka sanin hanya," in ji ta.

"Wa ya ce?"

"Kowa da kowa."

"Kowan nan ba shi da suna?"

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Ya juya takardar gaba da baya, ya kira shugaban ƙungiyar, ya sake kiransa da wata wayar don ya ji ko muryar ɗaya ce. Duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba. Baƙuwa da waya a hannu tana tambayar ta ina mota mai kaya ke bi, yaushe take tashi? Ai tambayar infoma ke nan, sai dai wannan ta iya gaisuwa.

Amma son a san ya iya bai bar shi ya yi shiru ba. Kwana huɗu tana nuna masa taswira yana gyara mata, yana tsaki yana cewa wanda ya zana wannan bai taɓa fita da mota ba. Sai yatsanta ya iso kan Gidan Mani, ƙauyenmu, inda ni da Inna muke.

"Nan babu hanya," in ji Yaya. "Zaizaya ta cinye ta. Daga ruwan fari har kaka, ko jaki sai ya yi shawara."

Jama'a, hanyar da shi da kansa ya sa aka zuba wa burji shekara biyu da suka wuce!

Damina ta kankama. Muka ji taki ya isa Daudawa, ya isa ƙauyukan da ke bayanmu ma, mu shiru. Masara ta kai gwiwa, ganyen ƙasa ya fara zama ruwan ɗorawa. Mijina ya rasu, 'ya'ya biyar ya bar mini, kuma gonar nan da ta Inna su ne abincinmu na shekara. Kullum da safe sai na je na tsaya a bakin kunya ina kallo, har makonni suka shuɗe.

Zargi ya faɗa kan Malam Badamasi, wakilinmu a ƙungiya, wai ya sayar da rabonmu. Wa ya ga ya sayi sabuwar taya? Wa ya ga baƙo ya shiga zaurensa? Ni na ja mata har ƙofar gidansa, na faɗa masa maganar da ko yanzu in na tuna sai kunya ta rufe ni. Bawan Allah bai rama ba. Ya hau babur ya je Kankara, ya dawo ya ce rabonmu yana ajiye a sito a Faskari, wai manhaja ta ce mota ba ta shiga garinmu, sai mu bi da babura mu kwaso. Wa zai yi sawu ashirin a wannan hanyar da buhun taki a bayansa, kowa na gani?

Kashegari na sauka a tashar Kankara ko mayafi ban gyara ba.

"Yaya, tashi mu je ka kunyata yarinyar nan mai manhaja. Kai ka san hanyarmu."

"Gwiwata na ciwo, Baraka."

"Yau ko da rarrafe ne sai ka je."

Da na lura da yadda yake kauce wa idona, da na gane. Amma fushi ya rufe mini ido. A ofishin ƙungiya na sauke wa Ikhlas duk abin da ke cikina: wa ya aiko ta, wa ya biya ta ta goge mu, takin namu wa aka yi niyyar karkatar wa? Ta bari na gama, sannan ta juyo mini da kwamfutarta. Ga garinmu an ɗauko shi daga sama, ga tsamiyar masallaci, ga hanyarmu ja wur, har sawun taya ana gani.

"Gwaggo, na ga hanyar," in ji ta. "Amma hoton ya kwana biyu, ruwa kuma yana canza hanya a dare ɗaya. Shi ya sa na tsara manhajar a kan duk inda taswira ta saɓa da maganar Baba Zailani, a bi ta Baba. Ya fi ta sani."

Na juya. Yaya ya cire hularsa yana murza ta a hannu.

"Ni na ce babu," in ji shi.

"Don me, Yaya? Don me?"

"Inna na can. Ke ma kina can. Ban so garin ya shiga wayar kowa ba."

Wallahi ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa a lokaci ɗaya kamar ranar ba. Ikhlas ta bayyana masa cewa lokacin tashin mota ba ya fita sai da safiyar ranar, kuma direba kaɗai ke gani. Ya yi mata tambaya ta fi goma, don hali ba ya tafiya a yini ɗaya. Sannan ya ɗora yatsa a kan allon ya bi hanyarmu tun daga kwalta har ƙofar Inna.

Bayan kwana huɗu mota ta shigo. Masara ta riga ta fara goyo, takin bai yi mata wani abin kirki ba. Na je na durƙusa a gaban Malam Badamasi na roƙi gafara, ya yafe. Da kaka rumbun Inna ko rabi bai kai ba, nawa ma gara a yi shiru.

Sai Yaya ya bugo ya ce zai kawo mana hatsi daga nasa, ran Talata, ta Daudawa. Ran Litinin na share ɗaki, na yi tuwo, na zauna. Azahar ta yi, la'asar ta yi, babu shi, wayarsa ba ta shiga. Inna ta ƙi cin abinci tana ta jan carbi. Ni kuwa direban nan da bai dawo ba kawai nake tunawa.

Ran Talata da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida, ta hanyar Daudawa, Yaya na gaba yana ɗingishin saukowa. Na fito da gudu ina kuka ina masifa.

"Ka kusa kashe mu! Ina ka shiga jiya?"

Ya dube ni, ya dubi rumbun Inna.

"Ai Talata na ce, Baraka," in ji shi. Ya juya ya fara sauke buhu.