Giwar da ke Tafin Hannun Baba Alhassan

Har yau, cikin duk shekarun da na yi a ɗakin tsoffin sulalla na gidan tarihinmu, ranar da Baba Alhassan ya zo ba ta fita raina ba. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan, ga yadda aka yi.

Lokacin ni ƙaramar mai adana kaya ce, a ƙarƙashin wata Baturiya, shugabar sashe. Abin da muke kula da shi sulallan tagulla ne na sarakunan Girkawa da suka mulki Siriya da Masar fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Dokarmu ita ce ba a taɓa su sai da safar hannu, domin zufa na sa musu koren tsatsa mai cin ƙarfe.

Wata Asabar 'yarsa ta kawo shi daga unguwar Tremont, a nan ƙasar Turawa. Mutumin Kumasi ne, tsohon direban tasi, ciwon suga ya ɗauke masa gani. Da ya ji Hausa a bakina sai ya yi murmushi. Na sa masa safa, na ɗora masa sule. Ya juya shi, ya juya.

"'Yata, da wannan robar babu abin da nake gani."

Na je wurin shugaba na gaya mata. Ta leƙo shi, sannan ta ɗauko wani sule na koyarwa wanda ya riga ya goge, ta ce ya wanke hannu ya taɓa shi ba safa.

Ya shafa a hankali. "Giwa ce. Ga hancinta. Ɗaya gefen fa?"

"Fuskar sarki ce, Baba, amma ta shafe."

"Wa ya shafe ta?"

"Hannun mutane. Irin wannan na cefane ne."

Ya jingina da kujera, ya fara magana ƙasa-ƙasa kamar mai mafarki. Wai yana jin hayaniyar kasuwa, ga mai burodi, ga wata tsohuwa ta ƙulle sulen a bakin zane, ga ƙamshin soyayyen kifi daga bakin kogi. 'Yarsa ta juya tana share ido. Ta raɗa mini cewa tun da idonsa ya tafi bai yi doguwar magana haka ba.

Da ya miƙo mini sulen, da ɗuminsa. Na goge shi na mayar.

A da na ɗauka aikinmu shi ne mu tsare kaya daga mutane. Tun ranar, in baƙo ya shigo, kafin in buɗe akwati nakan tambaye shi yadda yake son ya gani.