Yadda Na Ciyar da Duniya da Datar Alhaji

Akwai ranar da ba ta fita raina a shagon kwamfuta na Alhaji Sabi'u da ke Ƙaraye, kuma gara in faɗi wautar da bakina: na ɗauka VPN yana hana data ƙarewa.

Lokacin dogon hutu ne, satina uku da fara aiki. Wata Litinin Alhaji ya ce in sauko da babbar manhajar da za mu ɗora wa kwamfutocin wata makaranta a ƙauyen Turawa. Kyauta ce, masu ita ta torrent suke raba ta. Ga wanda bai sani ba, a torrent ba wuri ɗaya ake ɗebo fayil ba. Gutsure-gutsure kake tsinta a hannun mutane, su ma suna tsinta a naka, kowa kuma yana ganin adireshin intanet ɗin kowa. VPN shi ke rufe adireshin.

Manhajar torrent ɗin da na fara zaɓa, launinta ne ya burge ni. Kafin in danna abu ɗaya an yi mini tallar mota, fili da maganin basir. Yaya Murtala, mai gyaran kwamfutocinmu, ya leƙo.

"Kai, goge wannan tarkacen. Ɗauki marar talla, wadda za ka ɗaure ta da VPN, in ya yanke ita ma ta tsaya. In ta gama saukewa kuma, ka tsayar da ita."

Umarnin farko na bi, na biyun, na tsayar da ita, na yi watsi da shi. A raina na ce, wanda kamfanin waya bai gani ba, ta ina zai cire masa data?

Ta gama da azahar, na bar ta tana raba wa jama'a. Tutocin ƙasashen masu ɗiba a hannuna suka yi layi a allon, ni kuwa ina zaune kamar attajiri ranar rabon zakka. Na tabbata har a birnin Sin an sa mini albarka. Talata ma haka ta wuni.

Laraba ce ranar ƙarshe ta rajistar jarrabawa. Malam Habu ya kawo ɗalibansa shida daga Beli a kan babura. Muna kan na biyu intanet ya ɗauke. Datar wata guda ta ƙare ƙarƙaf.

"Ranka ya daɗe, ai da VPN nake," na ce.

Alhaji ya dube ni, ya dubi Yaya Murtala.

"Ɗan ƙanena," in ji Yaya Murtala, "VPN buhu ne. Kamfani bai ga abin da ke ciki ba, amma sai ya ɗora shi a sikeli."

Ranar na gane cewa a wannan sana'a, in babba ya ba ka umarni biyu, na biyun ne mai cizo.

Alhaji ya haɗa kwamfutar da datar wayarsa. Ɗalibi na shida ya gama ana kiran magariba. Ni kuma aka mayar da ni kan injin kwafi har aka koma makaranta.