Hanyar Taya Ɗaya

Lokacin da yake zuwa zance gidanmu a Takur, mijina sabon malamin Turanci ne. Ni kuwa littattafan soyayya na kasuwa sun riga sun cika mini kai. A cikinsu saurayi kullum daga jirgi yake saukowa, iska tana kaɗa masa riga. Wata rana na tambaye shi sunan abin da ake takawa a shiga jirgin.

"Wane jirgin, ranki ya daɗe? In na ruwa ne, gangway ake cewa, 'yar gada ce daga gaɓa zuwa cikinsa. In na sama ne a babban fili, akwai rufaffen lungu da suke kira jet bridge, ko rana ba za ta gan ki ba. In kuwa gangara ce kawai babu matakala, ramp ke nan."

"To wanne za ka hau da ni?"

"Duka. Amma mu fara da babur tukuna."

A bangon baya na wani littafi na rubuta su, har da 'yar fulawa a gefe.

Muna shekara ta shida da aure mota ta buge shi yana kan babur a hanyar Buji. Babur ɗin kwana biyu aka yi aka gyara shi. Shi kuwa a keken guragu ya dawo gida. Gidan da muke haya a Limawa matakala huɗu ne a ƙofarsa, an ɗaga shi saboda ruwan damina. Duk ranar asibiti sai na nemo maza huɗu su cicciɓe shi. A karo na uku ya ce ya gaji da zama buhun gero, ba zai sake fita ba sai ranar da zai gangara da kansa. Makarantar kuma ta aiko cewa ajinsa yana nan, in zai iya zuwa kafin zangon ya ƙare.

Sai na tuna kalmar nan ta uku. Na kira wani dattijon magini, na nuna masa keken.

"Baba, gangara nake so wadda wannan zai bi."

"Hajiya, rabin ƙofofin unguwar nan ni na yi musu. Je ki harkarki."

Na tafi karɓo magani. Da na dawo na tarar ya yi abin da ya saba yi wa kowa: siririn tudun siminti a tsakiyar matakalar, faɗinsa taƙi ɗaya, irin wanda ake tura babur cikin soro. Har ya ja masa layuka da ƙusa don kada taya ta zame. Yana tsaye yana jiran yabo.

Maƙwabciyarmu, wata nas 'yar Filato, ta fito ta auna wurin da ƙafa. Ta ce, "Maman yara, ko an faɗaɗa shi kifar da keken zai yi, ya cika tsaye. Gangara mai kyau sai ta tsallake kwata ta faro daga tsakiyar titi." Na roƙi mai gidan ya bari a fasa soron a yi ta daga ciki. Ya ce soron ya girme ni. Na zagaya neman gida marar matakala, duk wanda na samu ruwa yana kwana a cikinsa.

Mijina ya sa na tura shi bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallon simintin.

"Ita ma ramp ce," in ji shi. "Kin ci jarrabawa."

Zangon ya ƙare, aka ba wani ajin. Bayan sati ƙaninsa ya zo ɗaukar babur ɗin, tunda zama yake lalata shi. Muna kallo ya gangara da shi sumul, ko gargada babu.

Mijina ya ce, "Kin gani? Aikin Baba ya yi kyau. Mai da ni ciki, rana tana dukana."

Damina biyu ke nan bai nemi in sake kai shi ƙofar ba. Kullum da safe nakan share ƙurar da ta taru a layukan ƙusar, sannan in rufe.