Malam Babandi, Mai Liftar Gidan Maikuɗi

Duk wanda ya zauna a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, ya san gidan Alhaji Maikuɗi, benen nan mai hawa biyar da ke kallon hanyar Mokola. Marigayin ɗan kasuwar goro ne. Da ya tashi gini sai ya sa aka kafa masa lifta, ɗakin ƙarfen nan da ke hawa da sauka da mutane. Tasa ba irin ta otal ba ce. Babba ce mai faɗi, don huhunan goro aka yi ta, lokacin da hawa na biyar yake ma'ajiya. Ƙofarta raga ce ta ƙarfe da ake ja da hannu, a ciki kuma akwai wani mariƙi da ake karkatawa ta tashi ko ta tsaya. Mutum ɗaya ne ya san hannunta, Malam Babandi. Ni Saude, shekarata ashirin da shida ina haya a hawa na huɗu, kuma ni ce sanadin rabuwarsa da ita.

A nan Sabo aka haife shi. Mahaifinsa fataken shanu ya biyo, ya zo bai koma ba. Shi kansa Malam sau biyu kacal ya taɓa zuwa Arewa, Yarbanci kuwa a bakinsa kamar ɗan asalin unguwar Oje. Dakon goro ya fara yi a gidan, har mutanen da suka kafa liftar suka lura yana yawan tsayawa kallonsu, suka koya masa. Shekara talatin da takwas yana wannan aiki. Ran Alhamis yake hawa ɗakin inji da ke can saman rufi ya zuba mai, ya shafa igiyoyin ƙarfen da tsumma yana duba ko wani zare ya tsinke. In an kira salla sai ya sauko da ita ƙasa, ya bar ƙofar a buɗe, ko wane ne kai sai ka jira ko ka bi matakala. In mace ta shiga, fuskarsa na wajen mariƙin har ta fita. Ya taɓa gaya wa maigidana cewa da ƙarar takalmi yake gane matan gidan.

Ƙa'idarsa ɗaya ce, kowa ya haddace ta: buhu huɗu da shi, ko mutum shida. Ba shi da sikeli, da ido yake awo. Akwai wani maƙwabcinmu mai jiki, Alhaji Manniru, in ya doso sai Malam ya ce mutum biyu sun iso, sauran huɗu su shigo. Alhajin ya ce masa tsohon banza, da kai da injin naka duk ku tafi gidan tarihi. A yi dariya, a tashi.

Bara maigidana ya rasu, Allah Ya jiƙansa, na shiga takaba. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, a barandar baya nake yi, ita ke riƙe da ni. Yayar maigidan nawa, Hajiya Surayya, tana hawa na biyu, ita ta tsaya a kaina. A wurinta mai takaba ba ta taka ko bakin ƙofa. Na san malamai sun ce in da lalura ana iya fita da rana, amma ba da malamai nake kwana a gida ɗaya ba.

Sau biyu dillali yana aiko mini da gyaɗa daga kasuwar Akinyele, sau biyu ina buɗewa in tarar da ruɓaɓɓiya a ƙasan buhu. Karo na uku ya faɗo ranar da matan gidan duka suka tafi suna a unguwar Ojoo. Da hantsi na leƙa, gidan shiru. Na zumbula hijabi na bi matakala na sauka, na sa hannu a kowane buhu har ƙasa. Buhu shida ne, masu kyau. Mai keken da ya kawo su ya sauke ya tafi.

Malam ya yi mini gaisuwar rashi, kansa a ƙasa, sannan ya ce sai dai a yi sawu biyu. Ni kuma idona na kan titi. 'Yan okada na tsaye a bakin ƙofa, kowa a layin ya san fuskata, kuma ƙafafuna sun riga sun gaji da sauka, ba za su iya hawa huɗu da sauri ba. Na roƙe shi ya haɗa mu gaba ɗaya, kafin wani ya gan ni ya kai wa Hajiya. Ya dubi buhunan.

"Hajiya Saude, liftar ba za ta ji daɗi ba," ya ce.

"Don Allah, Malam. Ka rufa mini asiri."

Sai ya loda.

Mun wuce hawa na uku da kaɗan sai ta yi wani nishi, ta girgiza, ta tsaya. Ƙaurin waya ya sauko daga sama. Ina ta salati. Malam ya ce in zauna a kan buhu kada in taɓa komai. Ya taka buhunan ya tura murfin da ke saman ɗakin, ya fita, na ji yana bin tsanin ƙarfe a cikin duhun ramin, mutum mai shekara sittin da wani abu. Can sai ta fara sauka a hankali, da hannu yake juya injin, har ta daidaita da hawa na uku. Ya sauko ya buɗe mini. Na lura yana ɗingishi. Duk da haka ya ɗauki buhu biyu a baya, ɗaya bayan ɗaya, ya kai mini ƙofa, na ja su ƙuryar ɗaki bayan labule na rufe da zane. Sauran huɗun ya bar su a ciki, don a gan su a nan.

Sharfuddeen, babban ɗan mai gidan, shi ke kula da ginin yanzu. Ya kira masana kashi biyu. Wasu mutanen kamfani daga Legas suka ce liftar ta mutu, a cire ta gaba ɗaya a sa sabuwa mai tuƙa kanta. Sai wata injiniya Bayarabiya, Muhibbat, ta yini biyu tana hawa tana sauka da tocila. Ita ta ce ƙashin liftar lafiya yake, dogayen ƙarafan da take bi da ɗakin kansa za su ƙara shekara ashirin. A canza injin da ke jan ta da wayoyi kawai, a bar ƙofar hannu, a bar mai kula da ita, don ta ce ba ta taɓa ganin tsohon inji mai tsabtar wannan ba. Amma duk maganar ta rataya a kan abu ɗaya: nauyin me ta ɗauka ranar? In an yi mata lodi fiye da kima ne, to ba laifinta. In kuwa kayan da ta saba ɗauka ne suka ƙona ta, to akwai ciwon da ido bai gani ba, ita ma ba za ta sa hannu a ci gaba da ɗaukar rayuka a ciki ba.

Malam ya ce buhu huɗu ne da shi kaɗai. Ya san in ya ce shida, tambaya ta gaba ita ce wa ya sa shi karya ƙa'idar shekara talatin da takwas.

Muhibbat ba ta yarda ba. Ta hawo har ɗakina, ta durƙusa irin tasu ta gaishe ni, ta yi mini ta'aziyya da Hausarta mai daɗi. Hajiya Surayya na zaune a kan kujera da carbi, kamar kullum in na yi baƙi. Yarinyar ta ce ita zuciyarta na gaya mata injin nan an danne shi ne, kuma aikin tsohon nan na hannun wanda ya san gaskiya.

"Mama, buhu nawa aka kawo miki ranar?"

Buhu biyun suna bayan labule, taku uku daga inda take. Carbin Hajiya ya tsaya.

"Ina ɗaki, 'yata," na ce. "Abin da Malam ya faɗa, shi ne."

Muhibbat ta dube ni, ta ce to, Allah Ya ba da haƙuri, ta tashi.

Sati uku bayan haka aka yanke shawarar sabuwa. Aka tara mazan gidan a ƙasa, aka ba Malam turmin shadda, aka yi masa addu'a. An ce Alhaji Manniru ne ya fi kowa share ido. Malam ya koma wurin 'yarsa Barakatu da ke aure a Akinyele. Ni kuwa ina sama ina suya, kowace salla ina istigfari, amma ban buɗe baki ba. Na riƙa gaya wa kaina in na fita takaba zan faɗa.

Ranar da na fita, na yi wanka na canza kaya, ban je gidan kowa ba sai ofishin Sharfuddeen. A ƙofar gidan masu walda na yanka ɗakin liftar da injinta gunduwa-gunduwa, 'yan gwangwan na lodawa a mota. Na faɗa masa komai, har buhunan bayan labule. Ya daɗe yana murza goshi, sannan ya ce Inna, da kin aiko an kira ni gefe, da babu wanda zai ji. Ya ce yanzu sabuwar na hanya, kuma ba ta da wurin tsayuwar mutum.

Washegari na hau mota zuwa Akinyele. Barakatu ta yi mini shimfiɗa a zaure. Malam na zaune a kan tabarma, ƙafa ɗaya a miƙe, gwiwar a ɗaure da tsumma. Barakatu ta ce tun da ya zo ba ya iya tsayuwa a salla, kuma ya ƙi faɗar inda ya bugu. Da na fara neman gafara sai ya ɗaga hannu. Ya ce ido nasa ne ya auna, hannu nasa ne ya loda, ƙaryar ma daga bakinsa ta fara fita, shi ma yana neman gafarar Ubangiji a kanta. Ya ce ya yafe, in daina kuka a gaban yarinya.

Sai ya gyara zama, ya tambaye ni, fuskarsa na kallon bango:

"Injin na sama fa? Sun ajiye shi a wani wuri?"

Na san amsar da za ta sanyaya masa rai, har ta zo bakina. Na haɗiye ta.

"A'a, Malam. Sun yanka shi. Na gani da idona."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya daɗe yana shafa gwiwar, sannan ya ce wa Barakatu ta kawo wa baƙuwa ruwa, hanya da nisa.