Orest Ya Je Ganin Alkamarsa

Shekara arba'in da ɗaya Orest Dubyk ya yi yana noman alkama a ƙauyenmu na Saskatchewan, bai taɓa ganin inda take ƙarewa ba. Iyakarsa babban rumbun da ke bakin layin dogo. Ya kai, a auna, ya juye, ya sha gahawa da mai awo, su zagi gwamnati tare, ya dawo gida. Taragai su kwashe su yi yamma. In ka tambaye shi ina take zuwa, sai ya nuna da haɓa ya ce, "Vancouver," kamar mai ambaton surukin da bai taɓa haɗuwa da shi ba.

Gwiwoyinsa ne suka fara ajiye aiki, shi ya biyo baya. Bara ya yi girbin ƙarshe, ya miƙa gonar ga maƙwabcinsa. Wata biyar yana zaune a gida yana gyara abubuwan da ba su lalace ba, har matarsa Verna ta ce ya zaɓa: ko su tafi yawon buɗe ido, ko ta binne shi a bayan gareji. Ya zaɓi yawo, amma da sharaɗi ɗaya. Sai ya ga alkama tana shiga jirgin ruwa da idonsa.

"Za ka gani," in ji Verna. "Na sa a takardar wuraren da za mu je."

Ta sa kuwa. Lamba ta goma sha huɗu, can ƙasa, bayan gidan kallon kifaye.

Sun sauka Vancouver, birnin bakin teku, ana ruwa. Ruwa ne marar zuciya, ba tsawa, ba iska, yana ta zuba kamar wanda aka sa dole. Ranar farko Verna ta hau da shi wata gada mai lilo. Rana ta biyu kasuwar kifi da lambun furannin da ba su fito ba tukuna. Rana ta uku hawa ne da gangara, ga mutumin da tudu mafi tsawo da ya sani shi ne tarin takin maƙwabci. Ga kuma gaisuwa. A wajenmu ba ka wuce mutum ba ka ɗaga masa hannu ba, don haka Orest ya yi ta ɗaga wa mutanen Vancouver hannu ɗaya bayan ɗaya, har kafaɗarsa ta ƙage. Mutum biyu suka amsa. Ɗayan ma tasi yake tsayarwa.

"Ka sauke hannun nan, tsoho," in ji Verna. "Ba takara kake ba."

"Yaushe za a kai goma sha huɗu?"

"Bayan goma sha uku. Ka yi makaranta dai?"

Rana ta huɗu ita ce ta ƙarshe, ƙarfe huɗu na yamma za su kama hanyar filin jirgin sama. Da safe ya sa ƙafafu cikin takalmi da ƙyar, don sun kumbura kamar ƙullun burodi. Ya ce yau ko kifayen nan za su yi magana, ba zai je ba. Ya sayi kwalin donat, irin fanken nan na Turawa, tunda ba a zuwa rumbu hannu rabbana. Suka hau jirgin fito suka tsallaka, suka shiga bas, suka taka, Verna tana riƙe da lema tana lissafa abubuwan da ta rasa saboda shi.

Rumbunan tashar jiragen ruwa suna nan kuwa, jere a bakin ruwa, kowanne ya haɗiye na ƙauyenmu sau ɗari. Amma akwai shingen waya, da ƙofar ƙarfe, da maigadi a cikin ɗan ɗaki. Dattijo ne mai rawani shuɗi, an rubuta Gurmeet a ƙirjin rigarsa.

Orest ya ɗora kwalin a taga. "Sannu da aiki. Orest Dubyk ne, daga Saskatchewan. Na zo duba alkamata."

"Alkamarka?"

"Tawa. Ja, mai ƙarfi, ta bara. Ina mai awo? Ka ce masa na kawo donat."

Gurmeet ya dubi kwalin, ya dubi Verna. Ita kuwa ta ɗaga kai tana nazarin cikin lema.

"Kawu, kana da katin shiga?"

"Wane irin kati? Shekara arba'in da ɗaya ina cika muku wurin nan."

"Ni shekara goma sha tara ina gadinsa, kuma ran da na manta katina a gida, ni ma a waje na tsaya. Ba a shiga. In ma ka shiga, wace ce taka? An gauraya ta da ta mutum dubu tun kafin ta tsallako duwatsu."

"Zan gane ta."

"Haka mahaifina yake cewa can gida Punjab," in ji Gurmeet yana dariya. "Shi ma alkama ya noma. Wai yana gane tasa a cikin burodin kanti." Ya buɗe kwalin ya zaɓi mai sukari. "Kuma yau ba a lodi. Ba ka ga sama ba? Da ɗigo ya sauka ake rufe murafen jirgi. Alkama ba ta son jiƙa, kai za a gaya wa?"

Orest ya dubi ruwan da ke zuba. Duk rayuwarsa roƙon ruwa ya yi. Ya roƙa a shekarun fari, ya roƙa a coci, ya roƙa a kan tarakta da kalmomin da ba a faɗa a coci. Ashe duk nan aka yi ta kawo shi.

"Ka ji ko?" in ji Verna. "Mu je, kifaye na jira." Amma a hankali ta faɗa.

Gurmeet ya leƙo ta taga ya nuna musu da ragowar donat. "Ku bi shingen nan ku haura. Akwai benci a sama, ana hango jirgin. In ruwa ya ɗauke za su buɗe. Kada ka nemi ganin ƙwaya, Kawu, ƙura kawai za ka gani. Ka dubi jan fentin da ke ƙasan jirgin. Yana cika, jan yana nutsewa."

Hawa ne kuma. Orest ya kai bencin yana huci, ya zauna cikin jiƙa bai ko share ba. Ga jirgin can ƙasa, baƙi, dogo kamar layin gidajen ƙauyenmu, murafensa a rufe, bututun lodi a rataye a kansa ba aiki. Ya ɗaga kai zai karanta hadari yadda ya saba, sai ya tarar ba abin karantawa. Sama toka ce daga wannan gefe zuwa wancan.

Goma sha biyu ta yi. Ɗaya ta yi. Verna ta ciro takardarta ta duba, ta ninke, ta shimfiɗa ta zauna a kai.

"Ki tafi ki ga kifayen," ya ce.

"Na ga kifi jiya a faranti. Matsa."

Jira dai aikinsa ne, shi kaɗai ne abin da gwiwa ba ta hana shi. Wajen biyu da rabi ɗigon ya fara jinkiri a kan lema, sannan ya daina. Aka daɗe ba abin da ya motsa. Can sai murfi ɗaya ya zame, bututu ya sunkuya, wata ƙura ruwan ƙasa ta tashi. Iska ta kawo musu ƙanshinta, irin wanda ke maƙale wa mutum a maƙogwaro duk watan girbi. Orest ya yi atishawa sau uku, ya daɗe yana share ido.

Ya miƙa babban yatsa ya saita shi a kan jan fentin, ya kanne ido ɗaya. Minti arba'in suka samu kafin ruwa ya dawo, aka ja murfi aka rufe. Jan ya ragu, kaɗan dai, sai wanda ya saba kallon tsiro zai lura.

"Shi ke nan?" in ji Verna. "Kwana huɗu, don wannan?"

"Wannan ɗin ya fi abin da gonata ta arewa ta ba ni a shekara uku." Ya dafa gwiwa ya yunƙura, ya koma ya zauna. "Ba ni hannu, tsohuwa. Ki soke goma sha huɗu."

"Takardar ta jiƙe."

Ta ja shi ya miƙe. Suka gangara a hankali, suna bin shinge. Da suka zo daidai ƙofa Orest ya ɗaga hannu da kafaɗarsa mai ciwo, Gurmeet ya ɗaga masa kwalin, ba komai a ciki.