Mma Memuna da 'Yar Tsagar Reza

Kafin masu koko su sauke tukunyar farko, Mma Memuna ta riga ta jawo teburinta ƙarƙashin rumfar kwano, a layin da ke gangarawa babbar kwatar unguwar Nima, a Accra. Takan shimfiɗa tsohon zani a kai, ta jera kwalaben magani da suka daɗe da rabuwa da magani, ta ajiye burushin haƙori da allura da reza, ta jona ƙarfen dalma in akwai wuta, in babu ta tura shi cikin gawayi. Daga nan sai ta zauna jiran marasa lafiyarta. Sukan iso a ka, ko a rungume, ko a amalanke: rediyo, kaset, talabijin, kowanne da alamun dukan da ya sha a gida.

A Nima likitan farko na kowane talabijin shi ne tafin hannun mai gida. Hoto ya ɗauke, a mare shi a gefe, hoto ya dawo, a ce ai ga shi ya ji magana. Mma Memuna ta sha yi wa mutane bayani. A cikin akwatin akwai koren allo biyu ko uku, waɗanda masu gyara ke kira fanel. Abin da ke sada wannan fanel da wancan shi ne mahaɗi, wato jerin 'yan haƙoran ƙarfe da ke shiga wani baki da aka yi dominsu. Iskar teku takan sa haƙoran su yi kore, bakin kuma ya saki. Mari yakan girgiza su su taɓa juna na ɗan lokaci, amma kowane mari ƙara sakin bakin yake yi. Mutane sukan saurare ta cikin ladabi, su yi godiya, su koma gida su ci gaba da mari.

A wata masana'antar haɗa rediyo da talabijin a Tema ta koyi aikin, farkon shekarun saba'in, tana budurwa. Aikinta guda ne daga safe zuwa yamma: ta cusa mahaɗi, ta ji ya zauna, ta miƙa wa ta gaba. Da aka rufe masana'antar an ce musu na ɗan lokaci ne, kuma har yau lokacin bai gama zama ɗan ba. Ta dawo Nima da abin da yatsunta suka koya, ta kafa tebur. Da fari maza ba sa kawo mata aiki sai wanda ya gagari kowa, shi ma a naɗe cikin zani, kamar kayan haya ne aka ɗauko.

Tana da doka ɗaya da ta sa aka yi mata laƙabi da mai taurin kai. Inda maƙerin akwati ya sa mahaɗi, ba ta zuba dalma. Mahama, wanda teburinsa ke tsallaken layi, mai gyara ne na kirki kuma hannunsa na da sauri. In mahaɗi ya ba shi haushi sai ya datse shi, ya liƙe wayoyin kai tsaye da dalma, akwati ya yi waƙa nan take, mai shi ya tafi yana sa albarka. Ita kuwa sai ta goge haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ta matse bakin da tsinin allura, in ya karye ta nemo wani daga cikin kwalabenta, inda take tara waɗanda ta ciro daga matattun akwatuna. Hujjarta ba ta canzawa: abin da aka yi don a iya cirewa, a bar shi yadda za a iya cirewa, domin akwati zai sake lalacewa, kuma wani zai buɗe shi.

Akwai kuma 'yar al'adarta ta reza. Irin waɗannan mahaɗan na aro ba koyaushe suke nuna gaba da baya ba, kuma in aka cusa ɗaya a juye, fanel ya ƙone ke nan. Don haka duk wanda ta ɗora sai ta yi masa 'yar tsaga a gefe guda, ta yi wa bakinsa irinta, tsaga ta kalli tsaga. Mahama ya taɓa leƙowa ya tambaye ta wa take yi wa wannan ado, ko akwai mai shiga cikin rediyo ya raba lambar yabo. Ta ce masa na wanda zai buɗe bayanta ne, ko shi ɗin ne ma, tunda shi ba ya bar wa kowa komai sai dalma.

Shekarar tamanin da uku, shekarar fari da bin layin garin masara, ita ce ta haɗa ta da masallacin layin. Amfilifayar da ke tura muryar ladan zuwa lasifika ta mutu ana dab da azumi. Shugaban kwamitin masallacin, Alhaji Sulemana, mai sayar da kayan mota a Abossey Okai, ya sa aka kawo mata, don a ranar Mahama ya tafi bin layin kananzir. Ta buɗe ta ga mahaɗin da ke tsakanin fanel na gaba da na baya ya tsage. Alhaji ya ce a liƙe kawai da dalma, kowa ya san haka ake yi. Ta ce a'a. Ya ce aikin Allah ne. Ta ce shi ya sa.

Ta yi ta zirga-zirga zuwa Zongo Lane, inda shagunan kayan lantarki suke buɗe don kawai masu su su sami wurin zama. Azumi ya kama, amfilifaya na kan teburinta, Alhaji kuwa ya daina amsa gaisuwarta da baki, sai da gira. Ladan Baba Dramani ne, tsohon mai gadi, kuma a lokacin ƙirjinsa na nan da ƙarfinsa. Ya riƙa hawa tsani yana kiran salla da tsurar murya, har unguwar Maamobi ana ji, bai ko yi ƙorafi ba. Daga baya ta samo mahaɗin a cikin wani mataccen talabijin na otal, ta ɗora, ta yi tsagarta, ta mayar. Babu wanda ya yaba. Abin da layi ya riƙe shi ne Mma Memuna ta sa an yi rabin azumi babu lasifika.

Mma Memuna, ke ce wadda aka zaga don kin ƙi yin sauri. Ke ce mai yi wa baƙon da ba ki sani ba tanadi a cikin duhun akwati, inda babu idon da zai gani. Masu kaset ɗin wa'azi da masu kaset ɗin rawa duk teburinki ɗaya suka sani, kuma ba ki taɓa tambayar kowa abin da zai saurara ba. Ƙaltume mai ƙosai tana ba da labarin yadda kika tayar da rediyon mijinta bayan rasuwarsa, ba don tana jin labarai ba, sai don ɗakin ya yi mata shiru da yawa. Ƙasar nan tana raba lambobin yabo ga masu yanke ƙyalle a bakin gine-gine. Masu sa abu ya ci gaba da aiki bayan an tafi da ƙyallen ba su cikin jerin.

Shekaru suka tafi da abin da sukan tafi da shi. Yanar ido ta rufe wa Mma Memuna gani a hankali, ta fara da hagu. Haƙoran da take gani ɗaya-ɗaya suka zama layi guda mai hazo, ƙarfen dalma ya fara samun yatsanta maimakon waya. A damanar bana ta shaida wa 'yan layi cewa za ta naɗe zanin teburinta, ta bar aikin. Shi ma Baba Dramani muryarsa ta sirance, ba ta iya ƙetare kwata ba tare da lasifika ba. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Kumasi. Kiran sallar nan shi ne abin da ke tayar da shi daga tabarma, kuma kowa a layin ya san haka.

Sai tsawa ta faɗo wata ranar Talata, amfilifaya ta yi hayaƙi. Mahama ya duba ya ce fanel na baya ya ƙone ƙurmus, kuma irinsa ya bar kasuwa tun zamanin da ake rawa da wando mai faɗin ƙafa. Kwamiti ya zauna. Aka ce gyaran rufin masallaci ne a gaba, sabuwar na'ura sai bayansa. Kafin nan wani ɗan'uwan Alhaji, direban motar haya ta trotro mai faɗin ƙirji, zai riƙa kiran salla da baki, Baba kuma ya huta na ɗan lokaci. Mma Memuna ta san tsawon ɗan lokaci, ta taɓa ganinsa a Tema.

Bayan azahar Baba Dramani ya zo ya zauna a bencinta. Bai roƙi komai ba. Ya yi maganar ruwan sama, ya tambayi lafiyar ido, ya ce direban na da murya, Allah ya ƙara. Sannan ya hau juya hularsa a gwiwa. Can ta ɗaga murya ta kira Mahama, ta ce ya je ya ɗauko gawar amfilifayar, ita za ta shiga ɗaki.

Ta fito da wani ƙunshi daga ƙasan akwatin kayanta. Ashe shekarun baya ta ci karo da amfilifaya irin ta masallacin a hannun wasu makaɗan gidan rawa da suka watse. Gabanta ya mutu, bayanta lafiya lau. Ta cire fanel ɗin, ta ɗora masa mahaɗi irin na masallaci, ta yi masa tsaga, ta naɗe ta ajiye, don ta san ba a yi na'urar da ke mutuwa sau ɗaya kawai ba. Da Mahama ya ji asalin fanel ɗin sai ya waiwaya hagu da dama, ya ce kada dai Alhaji ya ji.

"Bar shi, ɗana," in ji Baba Dramani. "Ya zo tuba ne."

Ƙonannen fanel ya fita da ja ɗaya, tunda babu dalmar da ta riƙe shi. Mahama ya sauya fis, ya liƙe wata waya da ta narke, don yanzu shi ne idonta. Amma da aka zo cusawa sai ya tsaya. Hayaƙi ya baƙanta bakin mahaɗin gaba ɗaya. Ya goge, ya karkata shi wajen rana, ya kawo gilashi, bai ga tsaga ba. Fanel ɗaya ne, babu na biyu a duk Accra, kuma in ya shiga a juye an gama.

"Mma, sai dai mu yi bismilla mu gwada," ya ce.

"Bismilla za mu yi, gwaji ne ba za mu yi ba. Miƙo nan."

Ta ɗora abin a cinyarta, ta ɗaga fuska sama kamar mai sauraron wani abu daga nesa, ta bi gefen bakin da farcen babban yatsa. Wannan gefe sumul. Ta juya ɗaya gefen, a hankali, har farcen ya faɗa wani ɗan rami da ido ba zai ba shi muhimmanci ba. Ta lalubo ta jikin fanel, ta sa tsaga ta kalli tsaga, ta danna har ta ji ya zauna, yadda ta saba ji tun tana budurwa. Ta yi tsagar ne domin wani baƙo da zai buɗe bayanta. Ba ta san baƙon zai zo da yana a ido, ɗaure da zaninta ba.

Mahama ya ɗauki amfilifaya a ka, Baba Dramani na biye da shi da saurin da bai yi ba tun rasuwar matarsa. Ita ta zauna a bencinta. La'asar ta gabato. Abin da Nima ta fara ji daga lasifika tari ne, tarin tsoho, dogo, mai cika layi. Sai muryar ta biyo, tana tambayar wani a gefe, duk unguwa na ji: "Mahama, ya kama?" Masu ƙosai suka fashe da dariya, wani daga tsallaken kwata ya amsa da ƙarfi cewa ya kama, Baba. Sannan ya yi kiran. Kwamiti bai sake zama kan maganar ba, Alhaji Sulemana kuma ya koma amsa gaisuwa da baki.

Mma Memuna, a wannan watan kike naɗe zaninki, kin kuma miƙa wa Mahama kwalabenki da rezarki. An ce ya fara yin tsaga, yana yi yana gunaguni. Mun gode miki, mu da muka mari akwatunanmu muka kawo miki su a kumbure, muka kuma zage ki don kin ƙi yin sauri. Allah ya buɗe idon, ya ba da ladan abin da muka gani da wanda ke rufe cikin akwatunan da ba mu taɓa buɗewa ba. Sauran mu kuwa, masu ofis da masu shago da masu kwamiti, duk abin da muke haɗawa wani zai zo ya buɗe shi wata rana. Mu bar masa yadda zai cire, mu bar masa alamar gaba da baya. Mai yiwuwa idonsa ya tafi, kuma ba mamaki in aka duba da kyau a tarar mu ne.